Ɗakin Inna da Ya Zama Rumbu

Shekarun baya, lokacin farin nan da ya yi ta maimaita kansa har mutane suka gaji da duban gabas, rijiyar ƙauyenmu da ke wajen Kurawa ta ƙafe. Mun yi ta yasa ana fito da laka, daga baya lakar ma ta ƙare, sai busasshen yashi. Gida-gida aka riƙa ɗaure kaya. Mu ma muka ɗaure namu muka shigo Sabon Birni, ni da mahaifiyata da mai ɗakina da 'ya'yanmu biyu. Mahaifina ya rasu tun kafin wannan, saboda haka duk abin da ya taso ni ake kallo, ni kuma ban san wanda za ni kalla ba.

Wani ɗan'uwan mahaifina ya sauke mu. Mutumin kirki ne, amma gidansa ya riga ya cika da irinmu. Mahaifiyata ta samu gefen tabarma a ɗakin tsofaffi, ni na samu zaure tare da wasu maza, mai ɗakina da yara kuwa suka rasa takamaiman wuri, yau wannan ɗaki gobe wancan. Da labari ya kai wa surukina a Bafarawa, can ƙasar Isa, sai ya aiko a kai masa 'yarsa da jikokinsa. Bai yi faɗa ba, bai ce na gaza ba. Cewa ya yi su zauna wurinsa har in samu wurin zama, sannan a yi magana. Wannan "sannan a yi magana" ita ta hana ni sukuni tsawon ranin nan.

Na zama mutumin da ba ya iya zama wuri ɗaya. In na zauna a zaure sai in ji kamar ana jirana a kasuwa, in na isa kasuwa sai in tarar ba abin da ya kawo ni. Ƙafata ta fi son tasha. Can nake tsayawa ina kallon motocin da ke ɗibar samari zuwa kudu, ina tambayar abin da ban da niyyar tambaya: aikin me ake samu, ina ake kwana, wa ke karɓar baƙo. A raina na riga na yanke cewa in damina ta kama ban da gida kuma iyalina ba su dawo ba, ni ma za ni bi. Ban faɗa wa kowa ba. Na kuma san abin da tafiyar take nufi a shekarun nan, don na ga waɗanda suka ce wata biyu za su yi, matansu suna gidan iyaye har auren ya mutu ba tare da kowa ya furta ba.

Abokina, wanda muka taso tare amma shi ya riga ni zama ɗan gari, shi ya ja ni cikin wata ƙungiya da wasu 'yan kasuwa da dattawa suka kafa. Akwai tsohuwar unguwa a gefen gari wadda fari ya watsa mutanenta, wasu kudu wasu ƙetaren iyaka, gidajen suka zama kangaye, awaki na kwana inda a da amare ke kwana. Ƙungiyar ta bi masu kangayen nan ɗaya-ɗaya, ko danginsu, ta nemi izini. Sai a rushe tsohon bango, a jiƙa ƙasarsa, a sake yin tubali da ita, a yi gayya a tayar da ɗaki biyu da 'yar katanga, a ba wanda ba shi da wurin zama. Ba a neman komai wurinsa sai ƙarfinsa a ginin wasu, da ɗan abin da ya sawwaƙa in Allah ya kawo kaka. Bi da bi ake yi, kuma kowane gida iri ɗaya ne, don kada wani ya ce an fifita wani.

Ƙasa ba ta yi wuya ba, tana nan zube. Ruwa ne abin. Gini da ƙasa shan ruwa gare shi, ga shi ruwan sha ma sai an yi layi. 'Yan kasuwar ƙungiya su suka ba da jakunansu, ake zuwa gulbi inda aka tona ramuka cikin yashi, a jira ruwa ya tsattsafo, a cika garewani a kawo. Don haka kowane gida yana da rabonsa na ruwa, ba ƙari. Shugaban ƙungiyar, wani Alhaji mai kai kaya Nijar, mutum ne mai sauƙin kai a komai ban da wannan. Ka taka masa ƙafa ya ce ba komai, amma ka wanke fuska da ruwan gini ka ji yadda muryarsa take.

Ni dai ban iya gini ba. Ranar farko aka ba ni yin tubali, na yi ta dunƙulawa da iyakar gaskiyata, magini ya zo ya ɗauki ɗaya ya juya shi, ya tambaya ko dawon fura nake yi. Daga ranar aka mayar da ni cuɗa ƙasa da ƙafa, aikin da ba ya buƙatar komai sai mutum ya kasa tsayawa wuri ɗaya, wanda kuwa a nan ba wanda ya fi ni. Na taka ƙasar gidajen mutane har dugadugaina suka tsattsage. Ina gani iyali bayan iyali suna shiga, hayaƙi ya fara tashi a unguwar da a da ko kare ba ya haushi, wata mata har ta fara tuyar ƙosai a bakin lungu. Duk gidan da aka gama ina murna, amma murnar rabi ce, don idona na kan layi.

Namu bai zo ba sai da rani ya yi nisa, zafin bazara ya fara. Mu ne kusan na ƙarshe da za a iya yi wa a shekarar, domin da zarar hadari ya fara haɗuwa, ko da na ƙarya ne, ana tsayar da gini kowa ya koma gyaran gona. Ranar da aka shata mana wuri na je na ɗauko mahaifiyata, ina gaba tana baya, ina ta zuba kamar ni na kafa ƙungiyar. Magini ya ja layi a ƙasa da ƙafarsa: ga ɗaki, ga ɗaki, ga inda ƙofa za ta kalla, ga makewayi. Na nuna mata nata, wanda ya fi samun inuwa da yamma.

Ta zagaya filin a hankali, ta tsaya a kowace kusurwa. Ni ne babban ɗanta, ba ta kama sunana, don haka ko kallona ba ta yi ba da ta yi magana.

"Kai wanga, ina anka bar ma rumbu?"

Mutanen da ke wurin suka yi dariya, ni ma na taya su, don na ɗauka wasa take yi. Gaskiyar magana, a duk gidajen da muka gina ba wanda aka bar wa gurbin rumbu, kuma ba wanda ya lura. Manoma ne mu duka, jikokin manoma, amma mun daɗe ba mu ga damin da ya isa a ajiye ba, har abin ya fita daga kanmu. Ana shata gida ana tunanin inda mutum zai sa haƙarƙarinsa, shi ke nan.

Na ce, "Inna, mi za mu sa ciki? Bari mu samu wurin kwana tukun."

Ta ce, "Ƙasar ɗakin nan nawa da ruwa nai, a yi min ruhewa da su. Ni bukka ta ishe ni."

Ruhewa shi ne babban rumbun ƙasa irin namu na Gobir, mai tumbi, wanda ake ɗorawa a kan duwatsu a yi masa baki a sama. Nan dariya ta tsaya. Magini ya sunkuyar da kai yana gyara layin da ba abin da ya same shi.

A hanya na yi mata bayani iri-iri. Na ce ƙa'ida ce, ɗaki biyu ake yi wa kowa. Na ce in muka kawo rikici za a tsallake mu a ba na bayanmu, mu kuma sai wani ranin. Na ce surukina wurin zama ya ce, in ya ji ɗaki ɗaya ne zai ce ba a shirya ba. Na ce mutane za su ce na shige soro na bar uwata a ciyawa. Ta saurare ni har na ƙare, sannan ta ce tun da aka kai ta ɗakin miji ba ta taɓa kwana gidan da ba rumbu ba sai wannan shekara, kuma gidan da ba rumbu masauki ne, mai shi yana jiran mota. Da ta faɗi haka na ji kamar ta leƙa abin da nake ɓoyewa, amma na dake, na ce ai magana ce ta ruwa ba ta mota ba.

Kwanakin da suka biyo baya na zama ɗan aike tsakanin mutum biyu da ba wanda ya aike ni a cikinsu. In je wurin Alhaji ya ce ruwan da jakuna ke wahalar kawowa ba za a zuba shi a abin da ba mai kwana ciki ba, alhali ga mutane na kwana a zaurukan wasu. In koma wurin mahaifiyata ta ce ita ba ta roƙi ɗigo ɗaya a kan rabonta ba. In je wurin abokina ya ce in lallashe ta, kamar shi bai san ta ba. Na kai maganar wurin ɗan'uwan mahaifina da ya sauke mu, ya shiga ya yi mata nasiha mai tsawo, ya fito yana gaya min irin ruhewar da kakanmu ya taɓa ginawa. Waɗanda ke bayanmu a layi kuma suka fara gunaguni, kuma ban ga laifinsu ba. Wani daga cikinsu, mai 'ya'ya da yawa, ya tare ni a masallaci ya ce in mu ba mu da buƙata mu matsa.

Akwai kuma wata wahalar da ban sani ba sai da magini ya faɗa. Ɗaki ana yi masa gayya, hannu da yawa a tayar da shi cikin ɗan lokaci. Ruhewa ba a yi mata haka. Mutum ɗaya ke ɗora ta, zagaye bayan zagaye, siririn bango, kuma sai na ƙasa ya sha iska sannan a ɗora na sama, in an yi gaggawa ta zube. Ke nan ko an yarda, ba za a tsayar da mutanen gayya suna kallon tsoho ɗaya yana shafa laka ba. Ina cuɗa ƙasar gidana da ƙafa, gidan da na yi rani ina jira, amma raina na tasha.

Ranar Juma'a bayan an sauko, dattawan ƙungiya suka zauna a kan maganar a gindin wata bishiyar bedi, aka kira ni. Mahaifiyata ba ta zo ba, ba ta kuma aiko da wata sabuwar magana ba. An daɗe ana ja. Wani ya ce in aka buɗe wannan ƙofa gobe wani zai ce turken doki yake so. Wani tsoho ya ce shi dai kunya ta kama shi, a ce sai da mace ta tuna musu. A ƙarshe Alhaji ya yanke. Za a yi mana gayyar ɗaki ɗaya da katanga, a wuce gida na gaba. Ruwan ɗaki na biyu namu ne, za a riƙa kawo shi kaɗan-kaɗan, mu yi abin da muka ga dama da shi, neman mai ɗora ruhewa kuma ya rage namu. Sannan ya dube ni.

"Amma ka sani, ɗana, ba a sake zagayowa kanku sai kowa ya samu nashi. In tsohuwa tash shiga bukka, ta shiga ke nan, ko shekara nawa za a yi."

Na kai mata saƙon yadda aka ba ni, har na ƙara masa gishiri ko za ta tsorata. Ta ce Allah shi yi wa Alhaji albarka, ya yi adalci. Ta kuma ce in nemo duwatsu masu faɗi.

Haka aka yi. Ɗakina ya tashi, aka jera azara aka rufe. Muka samo wani tsoho da ya daɗe ba wanda ya kira shi wannan aiki, ya zo yana cewa bai sani ba ko hannunsa ya manta. Bai manta ba. Kullum da safe jaki ya kawo ruwa, in kwaɓa masa ƙasa da yankakkiyar ciyawa, ya ɗora zagayensa ya tafi. Mahaifiyata ta sa na kafa mata bukkar zana a kusurwar da aka shata wa ɗakinta, ta kwaso tabarmarta da 'yan ƙorenta ta tare tun kafin katanga ta bushe. Ni kuwa na kasa shiga ɗakin. Sai in shimfiɗa a ƙofarsa, in ce zafi ya yi yawa a ciki, ita kuma ta yi kamar ta yarda.

Da ruhewar ta fara leƙo kan katanga, sai gari ya ɗauka. Sabon rumbu cikin fari abu ne da ido ba ya wucewa. Wasu suka ce tsohuwa ta fara ruɗewa. Wasu suka ce a'a, ba mai gina rumbu don iska, akwai hatsin da muka ɓoye tun daga ƙauye. Mata suka fara sallama da 'yan ƙore ƙarƙashin mayafi, a gaisa, sannan a ce ko za a taimaka da ɗan abin da yara za su sha. Wannan ya fi komai ci min rai, don na san abin da ke sa mace ta fito da ƙwarya haka. Mahaifiyata ba ta jin haushi. Sai ta ce su taka tsani su leƙa da idonsu, in sun sauko ta ba su ruwa su sha, su zauna a yi hira. Wata da ta leƙa ta sauko tana dariya tana share hawaye lokaci ɗaya.

Labari ba ya tsayawa inda aka haife shi. Ya bi 'yan kasuwa har Isa, daga can ya shiga Bafarawa, kuma kafin ya isa ya canza kaya. Abin da surukina ya ji shi ne an ba ni gida mai ɗaki biyu, na rushe na uwata na gina rumbun banza, na jefa ta a bukka. Ni ina nan ina ta shirya yadda za ni je in yi masa bayani, ina ɗagawa daga wannan kasuwa zuwa waccan saboda ban samu kalmomin ba, sai ga shi da kansa wata rana da hantsi, da sandarsa da ƙurar hanya a ƙafa.

Na durƙusa na gaishe shi. Ya amsa a taƙaice. Suka gaisa da mahaifiyata daga nesa, ita tana bakin bukka shi yana tsakar gida, gaisuwa mai tsawo irin ta surukai, aka tambayi gida da yara da zafi da haƙurin rashin ruwa. Na buɗe masa ɗaki, na nuna masa azara, na bubbuga bango don ya ji ƙarfinsa, ina ta magana ba kan gado. Ya leƙa sau ɗaya ya fito. Ya dubi bukkar ya daɗe. Sannan ya nufi ruhewa, ya zagaya ta, ya shafa tumbinta da tafin hannu, ya duƙa ya duba duwatsun. Ya jingine sandarsa ya fara taka tsani. Na ce, "Baba, a yi a hankali," bai kula ni ba. Ya kai kansa bakin ya leƙa, ya daɗe yana kallon duhun ciki.

Daga can sama ya ce, "Ba komi ciki."

Mahaifiyata ta ce, "Babu, Malam. Amma in ya zo, ga wurin sa shi."

Ya sauko ya ɗauki sandarsa. Na kawo masa ruwa ya sha, na ce ya tsaya a dama fura ya ce yana sauri kada mota ta bar shi. Na raka shi har tasha ina jiran ya ce wani abu a kan 'yarsa, ko da faɗa ne. Maganar farashin awaki ya yi, da wani maƙwabcinsa da ya rasu. Da motar ta tashi na tsaya a wurin kamar wanda aka manta da shi. A gefe kuwa ga motar kudu ana lodi, yaron mota na kiran saura mutum biyu, kuma ban taɓa jin kiran ya shige ni kamar ranar ba.

Makon nan ban san yadda na yi shi ba. Na je gayyar gidan mai 'ya'ya da yawan nan, na taka ƙasa har magini ya ce ta isa haka, kada in mayar da ita kunu. In na dawo gida ba na iya haɗa ido da mahaifiyata. Haushinta nake ji, ina kuma jin kunyar jin haushin. Ina kallon ruhewar nan tsaye a tsakar gida, ƙatuwa, kyakkyawa, fanko, ina lissafin cewa ita ta cinye min aure. Har na fara tunanin wanda za ni bar wa amanar tsohuwa in na tafi.

Ranar kasuwa ta zagayo. Da la'asar ina gyara zanar bukka da iska ta kwance, sai na ji sallama a ƙofa, muryar da ko cikin barci na san ta. Mai ɗakina ce, da goyo a baya, babbar tana riƙe da gefen zanenta, wani ƙanen mai ɗakin nawa na biye da kaya a ka. Na miƙe da igiya a hannu. Sannu da zuwa ma mahaifiyata ce ta faɗa.

Bayan an sha ruwa an huta, mai ɗakina ta kwance wani ƙullin tsumma ta fito da 'yan zangarniyoyin gero, zaɓaɓɓu, irin waɗanda manomi ke ratayewa a ɗaka don iri, ba ya taɓa su ko yunwa ta kai ina. Ba su fi a riƙe da hannu biyu ba. Ta ajiye su gaban mahaifiyata.

"Baba ya ce a gaishe ki. Ya ce a sa wanga ciki, kada a bar shi wofi."

Daga baya mai ɗakina ta ba ni labarin abin da babanta ya faɗa da ya koma. Ya ce ɗaki ko baƙo yana samu, kuma ya ga masu ɗaki biyu da suka kulle suka tafi. Abin da ya je dubawa shi ne ko yaron nan mai zama ne. Ya ce bai sani ba ko ni mai zama ne, amma gidan na masu zama ne, kuma wannan ya ishe shi.

Ni na shiga ruhewar na ajiye irin a ƙasanta. Ɗan abin ya yi ƙanƙanta a cikin wannan faɗi har ya ba ni dariya, dariyar kuma ta juye ta zama wani abu, na daɗe a ciki kafin in fito.

Kada wani ya ɗauka daga nan sama ta buɗe. Daminar shekarar ma ba ta yi kirki ba, abin da muka samu a gonar aro bai kai ruhewar ko gwiwa ba. Mahaifiyata kuwa ta biya abin da ta saya. Ruwan da bai isa gona ba ya isa ya jiƙa mata tabarma, sauro ya same ta, sanyi ya same ta, ta yi tari mai tsawo. Mun yi mun yi ta koma ɗaki mu mu fito, ta ce ba a yi haka da ita ba. Alhaji bai karya maganarsa ba, ita ma ba ta nemi ya karya ba. Sai da aka gama da kowa, har da waɗanda suka dawo daga tafiya suka shiga layi da suka ga unguwa ta rayu, sannan aka zagayo aka yi mata ɗaki. A gidajen da aka shata bayan namu dai na lura magini yana barin wani fili a kusurwa, ba tare da an yi zama a kan haka ba.

Yau unguwar nan ta cika har ta tumbatsa, yaran da ke wasa a lungunanta ba su san an taɓa kiranta kango ba. Ni kuma har yanzu in na tuna shekarun bukkar nan raina ba ya kwanciya. Ba na iya cewa Alhaji ya yi kuskure, ruwa ruwa ne kuma mutane na kwana a zaure. Ba na iya cewa ita ta yi kuskure. Abin da na gane kawai shi ne samun inda za ka kwana daban, yarda cewa a nan za ka ga baɗi daban, kuma mu duka mun iya gina na farko mun manta da na biyu.

Shekaru bayan haka, tana zaune a ƙofar ɗakin nata tana tsince wake, na tambaye ta cikin wasa ko ta taɓa yin nadamar musanya ɗaki da rumbu. Ba ta ɗago ba.

Ta ce, "Sauro ya ci ni, sanyi ya ci ni. Amma kai ba ka tahi ba."

Ni dai ban taɓa gaya mata ina shirin tafiya ba.